Wanda ya danne kuɗin ƙaramin ɗan kwangila, a karɓe masa lasisi

"Ba a sako mana kuɗi ba tukuna." Wannan ita ce amsar da ƙaramin ɗan kwangila ya fi ji daga bakin babban da ya yanka masa aiki. Wani lokaci gaskiya ce. Sau da yawa kuma kuɗin sun fito tuntuni, an dai karkatar da su zuwa wani aikin, ko an biya wani tsohon bashi da su. Shi kuwa wanda ya ɗaura rodi, ya zuba kankare, ya ja wayar lantarki, ba shi da hanyar gane wacce ce. Bai taɓa zama da mai aikin ba, sunansa ma ba ya cikin yarjejeniyar. Abin da ya sani shi ne dilan siminti yana ta kiran waya, direban tifa ya fara ɗaga murya, leburori kuma suna tsaye a ƙofar gidansa bayan magariba, domin da shi suka yi ciniki, ba da kamfani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan aka ce masa ya je kotu, an raina masa hankali ne kawai. Mutumin da ya ci bashi ya sayi kayan aiki, da me zai ɗauki lauya ya yi shekaru yana zirga-zirga? Babban ya san haka, shi ya sa jan rai ya zame masa jari: yana juya kuɗin wani ba ruwa, ba jingina, kuma in an matsa masa, abin da zai biya bai wuce abin da ake bin sa tun farko ba. Ra'ayina shi ne muddin hukuncin ya tsaya ga "ka biya", ba abin da zai sauya. Sai an taɓa abin da yake cin abinci da shi, wato takardar izinin yin kwangila.

A jihar Kalifoniya ta Amurka an daɗe da gane wannan. Tun 1929 suke da hukumar ba wa 'yan kwangilar gini lasisi, kuma dokarsu ta ɗaure lasisin da biyan haƙƙi. Idan mai aiki ya biya babban ɗan kwangila wani kaso, dole ya miƙa wa ƙaramin nasa rabon cikin kwana 7, sai fa in sun rubuta wani wa'adin daban. In ya saɓa, tarar kashi 2 cikin 100 za ta riƙa hawa kansa duk wata, ta shiga aljihun wanda aka zalunta, sannan hukumar tana da ikon ladabtar da shi. In kotu ta yanke cewa ana bin sa kuɗi a kan aikin gini ya ƙi biya, bayan kwana 90 lasisinsa kan tsaya. A 1997 kuma kotun ƙolin jihar ta rushe sharaɗin nan da ake cusawa a yarjejeniya, mai cewa "ba zan biya ka ba sai in an biya ni".

Wani sashe na dokar ya fi jan hankalina. Ya ce ɗan kwangilar da ya ƙi biyan kuɗin kaya ko na aiki da gangan, alhali yana da halin biya, ya aikata laifin da za a taɓa lasisinsa. Ba a ce wanda ya gaza ba, an ce wanda yake da hali ya ƙi. Wannan ai mun san shi tun muna makarantar allo da ta zaure: hadisi ya tabbata cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Bambancin kawai shi ne can an sama wa maganar hukuma da ke aiwatar da ita, mu kuma mun bar ta a wa'azin Juma'a.

Mai son ganin abin da rashin wannan ke haifarwa ya dubi Birtaniya. Ba su rasa doka ba. Tun 1996 suka hana sharaɗin "sai an biya ni", suka kuma kafa tsarin sasanci na gaggawa, inda mai shiga tsakani ke yanke hukunci cikin kwana 28, a biya nan take, wanda bai gamsu ba ya tafi kotu daga baya. Tsari ne mai kyau. Amma babu lasisi na bai ɗaya da za a karɓe wa babban kamfanin gini, kuma ƙaramin da ke fatan samun aikin gobe ba ya son kai ƙarar ubangidansa yau. A haka kamfanin Carillion, ɗaya daga cikin manyan masu yi wa gwamnati aiki, ya mayar da wa'adin biyan ƙanana kwana 120, duk da ya sa hannu a kan alƙawarin biya da wuri. Da ya durƙushe ranar 15 ga Janairun 2018, masu kawo masa kaya da ƙananan 'yan kwangila kusan 30,000 suna bin sa abin da ya kai fam biliyan 2, a asusunsa kuwa fam miliyan 29 kacal aka tarar. Sai bayan wannan ɓarna, a 2019, gwamnati ta ce mai neman kwangilar da ta haura fam miliyan 5 a shekara sai ya nuna yadda yake biyan na ƙasa da shi.

Na san abin da manyan 'yan kwangila za su ce, kuma ba duka ne zancen banza ba. Akwai ƙaramin da ke karɓar kafin alƙalami ya ɓace, akwai mai rage siminti, akwai wanda sai an fasa aikinsa an sake. Shin shi ma a biya shi don tsoron rasa lasisi? A'a. Dokar Kalifoniya ta yarda a riƙe kuɗi idan saɓanin na gaskiya ne, har zuwa kashi 150 cikin 100 na abin da ake jayayya a kai. Abin da ta hana shi ne a fake da tsagewar bango ɗaya a danne kuɗin gini gaba ɗaya.

Akwai kuma wani gefe na tsarin nasu da ba na goyon bayan a kwaso mana. A can, wanda ya yi aiki ba lasisi ba shi da ikon neman kuɗinsa a kotu, har ma ana iya sa shi ya mayar da abin da aka riga aka biya shi. A ƙasar da akasarin birkiloli da kafintoci da masu walda a hannun ubangida suka koyi sana'a, ba su da wata takarda sai shaidar jama'a, irin wannan doka za ta zama makami ne a hannun azzalumi. Nauyin lasisi a kan mai karɓar kwangila ya kamata ya hau, shi da ke da ofis da akawu da lauya.

A Najeriya ba sai an ƙirƙiri sabuwar hukuma ba. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya yana gabatar da rajistar hukumar yi wa kamfanoni rajista (CAC), da shaidar biyan haraji, da takardun hukumar fansho (PENCOM) da asusun horar da ma'aikata (ITF) da asusun inshorar ma'aikata (NSITF), da rajistar BPP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati. Duk wannan tarin takardu, babu ɗaya da ke tambayarsa ko ya sallami waɗanda suka yi masa aikin bara. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce kuɗin ɗan kwangila da suka haura kwana 60 ba a biya ba sun zama jinkiri, kuma za su ja ƙarin kuɗin ruwa. Ta kare babba daga gwamnati ke nan, a takarda dai, ta bar ƙarami a hannun babba.

Gaskiya ne ita kanta gwamnati ce kan gaba wajen jan rai, 'yan kwangilar cikin gida sun sha yin zanga-zanga a Abuja kan basussukansu. Wannan ma hujja ce ta a bayyana komai. Duk lokacin da ma'aikata ta biya wani kaso, a wallafa ranar da adadin, yadda ƙarami zai san ko da gaske ba a sako kuɗin ba. Kafin a biya kaso na gaba, babban ya kawo shaidar sa hannun waɗanda suka yi aikin da ya gabata. Wanda aka tabbatar ya karɓa ya ƙi biya, BPP ta dakatar da rajistarsa, dama doka ta ba ta ikon hana kamfani kwangila, kuma dakatarwar ta bi sunayen daraktoci, don kada gobe su dawo da sabon kamfani da sabon tambari. Jihohi ma suna da nasu hukumomin tantance kwangila, kuma ba su buƙatar izinin Abuja kafin su fara.