Kitson da ya hana ɗalibi amsa sunansa a Japan

A watan Fabrairun 2023, wani ɗalibi ɗan shekara 18 ya je bikin yaye ɗalibai a wata sakandare a birnin Himeji da kitso a kansa. Uwarsa 'yar Japan ce, ubansa baƙar fata daga Amurka. Malamai suka ce kitson ya saɓa dokar makaranta, suka kai shi bene, nesa da 'yan ajinsu, suka ce ko an kira sunansa kada ya amsa. Yaron bai tsaya an tashi ba, ya yi tafiyarsa.

Idan ana zancen kishin ƙasa a makarantun Japan, tuta da take aka fi ambata. A 1999 aka yi dokar da ta tabbatar da tutar Hinomaru da taken Kimigayo. A 2003 hukumar ilimi ta Tokyo ta wajabta wa malamai miƙewa su rera taken, aka kuma hukunta ɗaruruwan da suka ƙi. A 2006 gwamnatin Shinzo Abe ta saka "son ƙasa" cikin babbar dokar ilimi. Ni dai wannan bai ɗaga mini hankali sosai ba. Wace ƙasa ce ba ta jera yara da safe su rera take?

Damuwata ita ce wanda makarantar ke nuna wa yara a matsayin ɗan ƙasa na ainihi. A 2017, da ake tantance littattafan darasin tarbiyya, wani littafin firamare ya sha suka cewa bai nuna al'adar ƙasa yadda ya kamata ba, sai masu buga shi suka mai da shagon burodi da ke cikin labarin ya koma shagon kayan zaƙin gargajiya. Abin dariya, har burodi ya zama baƙo! To ina ga yaron da gashinsa ya naɗe? Makarantu da dama sun daɗe suna neman takardar shaida daga iyaye cewa da wannan gashin aka haifi ɗansu. A Osaka wata ɗaliba ta kai ƙara a 2017 saboda an matsa mata ta rina gashinta mai ruwan ƙasa ya koma baƙi. Sai a 2022 Tokyo ta soke ƙa'idar tilasta rina gashi a sakandarenta.

Yaran nan, waɗanda ake kira "hafu", wato rabi, ba 'yan kaɗan ba ne: kusan jariri 1 cikin 50 da ake haifa a Japan, ɗaya daga iyayensa ɗan wata ƙasa ne. Kuma ƙasar ta san ranar da take tunawa da su. A wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, Rui Hachimura, wanda ubansa ɗan Jamhuriyar Benin ne, yana cikin mutum biyu da suka riƙe tutar Japan, Naomi Osaka, wadda ubanta ɗan Haiti ne, ta kunna wutar gasar, Abdul Hakim Sani Brown, ɗan mutumin Ghana, ya yi musu tsere. Ranar biki ɗan gida, ranar Litinin a ƙofar aji kuma a ce kawo takardar gashi.

Masu kare dokokin suna cewa kowa da kowa suka shafa, ba a ware wani ba. Amma wanda aka haifa da baƙin gashi miƙaƙƙe bai taɓa sayen rini don ya bi dokar ba, ba a kuma taɓa kai shi bene ba.