Ruwa ba ya tsami banza

Tunda abokina Injiniya ya riga ni kai labarin nan gidan suna ranar Asabar, wai na sha ruwan ƙarƙashin mota, har da nasa ƙarin gishirin, gara ku ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa. Na farko dai, ban sha ruwan nan ba. Ɗanɗanawa na yi.

Motar kun san ta, Fiat Ducato ɗin nan ta 2009 mai ɗaki a baya, da gado da kicin da banɗaki kamar kwalin ashana, wadda muka yi karo-karo ni da shi muka saya bara, a kan ni inshora shi kuma kula da lafiyarta. Hutun Ista ya zo, karona ne, na kwashi uwargida da yara uku muka hau babbar hanyar M6 daga Manchesta sai yankin tafkunan arewacin Ingila. Muka yada zango a wani fili cikin kwarin Borodel, gaba da garin Kezik. Kafin mu taso na cika tankin ruwan sha maƙil, lita 100.

Wajen ƙarfe ɗayan dare na ji “grrr”, sai shiru. Can an jima kuma “grrr”. Uwargida ta zungure ni da gwiwar hannu, “Malam, gyara kwanciya, minshari kake.” Na ce idona biyu. Muka kasa kunne tare, abin ya sake yi daga ƙarƙashin kujerar da auta ke kwance. Ɗan injin da ke tura ruwa ne, mai aiki da batir. Ƙa'idarsa, in ka buɗe famfo matsin ruwan cikin bututu ya sauka, sai ya tashi. Ka rufe, matsin ya cika, ya yi shiru. To in kowa na barci kuma yana tashi shi kaɗai, ruwa ya samu wata kafa yana sulalewa ke nan. Wannan karatun a waya na yi shi cikin bargo, da sabis sanda ɗaya. Na kashe makunninsa, na ce gobe da safe aikin minti biyar ne. Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji.

Abin da ban lissafa ba shi ne inda muke. Ƙauyen Sitwet da ke ƙarshen kwarin nan shi ake cewa ya fi duk wani wuri da mutane ke zaune a Ingila samun ruwan sama, sama da mita 3 a shekara, wato daminar Kano uku ko fiye a haɗe. Tun da muka iso ake yayyafi. Ka je neman ɗigon ruwa a wurin da ciyawa da taya da sama da ƙasa duk ɗiga suke yi, ai allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Cikin motar kuma ƙasa a bushe take ƙamas. Sai na yanke cewa yoyon daga ƙarƙashi yake.

Bayan asuba, da jallabiyata da rigar sanyi a kai, na shimfiɗa kwalin indomi a kan laka na shige ƙarƙashin mota a rigingine, tocilar waya a haƙora. Kwalin bai yi minti ɗaya ba ya zama koko. Ko'ina ɗiga yake, amma akwai wani bututu mai kauri da ɗan famfo a bakinsa, shi nasa ɗigon a jere yake, ɗis, ɗis, ɗis, ba ruwansa da iska. Na ce ɓarawo ya zo hannu. Sai na tuna kawuna na Sabon Garin Zariya, bakanike, wanda in mota ta zubar da wani abu a garejinsa sai ya dangwala yatsa ya kai harshe ya ce maka wannan na lagireto ne, wannan na birki. Tun ina yaro abin yake burge ni. Na tara yatsa, na kai baki.

Sabulu na fara ji. Bayansa daddawa. Can ƙasa-ƙasa kuma wani sanyi-sanyi na man goge baki. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce wataƙila yatsan ne ba shi da tsabta, na goge shi a jallabiya, na sake tarawa, wannan karon har na bari ya ɗan taru a tafin hannu. Sau biyun nan ita ke hana ni barci har yau.

Ina cikin tauna abin da na ji sai ga takalman roba kore guda biyu sun tsaya daidai kaina. Sai fuskar kare. Sai fuskar wani dattijon Bature, maƙwabcinmu na zangon, ya durƙusa a hankali, kofin shayi a hannu ko ɗigo bai zubar ba. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake kallona. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce ba ya son shiga abin da ba a sa shi ba, amma wannan bakin tankin ruwan wanke-wanke ne. Duk abin da ya bi ta kwamin kicin da na wanka nan yake taruwa. Ya miƙa yatsu biyu ya murɗa ɗan famfon, ɗigon ya tsaya cak. Ashe ban rufe shi da kyau ba tun gida, tun jiya miyar kukarmu ke ɗiga a ciyawar mutane.

Na cire wayar daga baki na ce masa na sani, gwaji nake yi.

Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa magana mai ma'ana. Sannan ya nuna wata 'yar ƙofa a gefen motar ya ce na bayan gida yana can, tankinsa daban ne, in shi ma ina da niyyar gwadawa.

A lokacin na ji motar tana jijjiga a kaina. Na ɗauka iska ce. Uwargida ce, taga a buɗe, ta ji komai, dariya ta kayar da ita a kan gado. Babbar 'yar kuma hannunta na waje da waya. Wannan bidiyon da wasunku suka ce sun gani, ina da jerin sunayen waɗanda aka tura wa, kuma za mu haɗu.

Dattijon nan fa shi ne ciwona, ba ruwan ba. Da ya yi dariya, da an wuce wurin. Bahaushe zai tuntsire, ya tafa hannu, ya kira na kusa su zo su gani, ku yi ta tare, shi ke nan an wanke. Wannan ko murmushi bai yi ba. Ya koma motarsa, wadda ko laka ba ta yarda ta taɓa ba, mesar ruwansa a naɗe kamar rawanin hakimi, kowane akwati da takarda a manne an rubuta abin da ke ciki. Karen ma rigar ruwa gare shi da tawul ɗinsa na kansa, kuma ana goge masa ƙafa kafin ya shiga. Bayan minti goma sai ga shi da kofi na biyu, ya miƙo min, wai ko zan so in canza ɗanɗanon baki. Na karɓa, me zan yi? Daga ranar har muka bar wurin, duk sanda muka haɗa ido sai ya ɗan ɗaga min kofi. Matarsa kuma kullum sai ta tambayi uwargida ko cikina lafiya. Ni fa ba tambayata take ba, uwargida take tambaya, a gabana, kamar yaron da aka kai awo.

Na kira Injiniya. Bai ɗauka ba, sai saƙon murya na minti huɗu, uku a ciki gaisuwa ce da labarin yadda motar ba ta taɓa yi masa haka ba. Ku da kuke kiransa Injiniya, na kwamfuta ne fa, ban taɓa ganin sifana a hannunsa ba. Mutumin da ya kai motar nan Sukotlan da rani ya dawo da ita tukunyar gas saura kaɗan, ya ce ai nauyinta ya ji, da sauranta. Mutumin da har yau bai dawo min da jakar tafiyata ta shekara huɗu ba, wadda ya ce sati biyu. Na tura masa tambaya ɗaya: da sanyi ya shigo, ka juye ruwan bututun kamar yadda muka yi da kai? Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa. Daga ƙarshe ya turo, “Mutumina, ya iyali?”

Dattijon ya riga ya gaya min yadda ake yi: a goge komai ya bushe, a kunna inji, a naɗa tishu a kowace mahaɗa, a fara daga bakin injin a bi shuɗin bututu na ruwan sanyi, sannan ja na ruwan zafi. Inda tishu ya jiƙe, nan ne. Saboda shi ya ce a fara daga inji, sai na fara daga banɗaki. Awa biyu na yi. Na zare durowoyin kicin, na kwance katakon bayan kwami, na tara sukurori a murfin kwano, auta ya shure su. Tishu nadi biyu ya ƙare, ko'ina fari fat kamar an yi wa motar bandeji, babu wanda ya jiƙe.

Yara suka fara kukan yunwa, kicin kuwa na wargaza shi. Uwargida ta ce bari ta jiƙa musu garin kwaki da suga da gyaɗa. Ta ɗaga kujerar auta, inda muka cusa kayan abinci, ta yi shiru. Sannan cikin wata murya mai sanyi, wadda na fi tsoro a kan faɗa, ta ce, “Yallaɓai, zo ka ga, an riga an jiƙa.”

Buhun gari mai kilo 5 ne, a jingine da injin. Ya sha ruwa ya kumbura har ya yage ɗinkinsa, ya cika lungun dam, ya zama teba mai sanyi da siffar akwatin. Shi ya sa ƙasan motar bai jiƙe ba: duk abin da ya tsiyayo gari ya shanye, ragowar ta bi wata 'yar kafa a daɓen ta sauka cikin ruwan sama. Da ludayi muka kwashe shi. Da na kunna injin sai ga shi ƙiri-ƙiri, wata 'yar gwiwar roba da ke bakin fitar ruwa, ta tsage siriri kamar gashi, tana fesa wani zare na ruwa da sai ka haska tocila ta gefe za ka gan shi. Taƙi ɗaya daga inda aka ce in fara. Ruwan da aka bari a ciki ne ya daskare da hunturu, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi ɗaya cikin goma, robar ta rasa yadda za ta yi ta buɗe. Na ɗauki hoto na tura wa wanda ya kamata, ban rubuta komai ba.

Ban je wurin maƙwabci ba. Na yanko robar tayar keken yara ta safaya, na ɗaure gwiwar tam irin ɗaurin da muke wa bututu a gida, na ce a kunna. Daƙiƙa biyar lafiya lau, har na fara juyowa in karɓi yabo, sai zaren ruwan ya samu gefe ya same ni a cikin kunne.

Uwargida ce ta aiki babbar 'yar wurin dattijon. Ya zo da akwati, a jikinsa an rubuta kayan ruwa, ciki gida-gida. Ya zaro gwiwa sabuwa mai milimita 12, irin wadda ba a ɗaure ta da komai. Ya danna zoben bakin tsohuwar, bututun ya zare salin-alin, ya gyara bakinsa da wuƙa ya daidaita, ya tura cikin sabuwar har ta kama, ya ɗan ja ya tabbatar. Ko minti uku bai yi ba, kuma rabinsu kallon ragowar tebar ya yi, yana son tambaya, tarbiyya ta hana. Injin ya yi “grrr” sau ɗaya ya yi tsit. Ya ƙi karɓar ko sisi. Muka aika musu da dambun nama, aka dawo da robar a wanke, wai ya yi daɗi ƙwarai, amma ranar na ga karen ya sha ruwa da yawa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Daren ƙarshe gari ya washe, taurari tar, sanyi ya sauko. Na kashe hita don a tattala gas ɗin da Injiniya ya auna da hannu. Kafin asuba na farka injin na ta kuka ba tsayawa, tanki wayam, ko na alwala babu. Wannan kam ba yoyo ba ne. Tukunyar ɗumama ruwan motar, ƙirar kamfanin Truma, tana da wani bawul da ke buɗe kansa in sanyi ya kai wajen digiri 3, ya zubar da ruwanta ƙasa don kada ta daskare ta fashe. Aikinsa ya yi. Ni kuma na bar inji a kunne, shi kuwa ya yi ta turo ruwa yana bin bawul ɗin har tanki ya ƙare. Kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya ɗumama zuwa kamar digiri 7. Haka na tsuguna da sassafe da na'urar busar da gashin matar Bature, ina hura wa wani shuɗin maɓalli iska mai ɗumi, shi yana tsaye a ƙofa da kofinsa.

Motar tana wurin Injiniya yanzu. Ya ce gari ba ya cikin yarjejeniya, kuma ba a ajiye abinci kusa da inji, wai kowa ya san wannan. Akwai sauran tebar a lungun kujerar, ta bushe ta zama siminti, ban gaya masa ba. Tsohuwar gwiwar tana aljihun rigar sanyina, na tafi da ita gidan sunan don in nuna masa a gaban mutane, sai aka kawo abinci na manta.