Linux ce ta raya Loongson, amma kada a ruɗu

Duk wanda ya ƙera sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta, babban ciwon kansa shi ne manhajar da za ta hau kanta. Windows da galibin manhajojin ofis an ɗinka su ne daidai jikin ƙwaƙwalen kamfanonin Intel da AMD, sai kuma na Arm daga baya. Wanda ya zo da nasa tsarin, sai ya tarar ya gina kasuwa babu mai kasa kaya.

Wannan ne ya fuskanci Loongson, aikin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da masanin nan Hu Weiwu ya jagoranta tun 2001 a Cibiyar Kimiyya ta Sin, wanda daga baya ya zama kamfani. Shekara da shekaru suna tafiya kan tsarin MIPS na Amurka, sai a 2021 suka fito da nasu, LoongArch. Microsoft ba ta yi masa Windows ba. Manhaja mai 'yanci ce ta rufa musu asiri, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara ya raba. A 2022 aka shigar da LoongArch cikin Linux, manhaja mai 'yanci da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da GCC, mai juya rubutun masu haɗa manhaja zuwa yaren da kwamfuta ke ji, ba tare da an durƙusa wa wani kamfani ba. Da Amurka ta sa Loongson cikin jerin takunkuminta a 2023, wannan ƙofar ba ta rufu ba.

Har Richard Stallman, jagoran fafutukar manhaja mai 'yanci, wanda ba a san shi da sassauci ba, ya daɗe yana aiki da 'yar ƙaramar kwamfutar Lemote Yeeloong mai ɗauke da Loongson, saboda tun daga kunna ta babu rufaffiyar manhaja a hanya. Nauyin tafiyarta bai dame shi ba.

Sai dai ni ban yarda a ɗauki wannan a matsayin ƙaunar 'yanci ba. Abin da Beijing ke so shi ne kada wani ya riƙe mata wuya, musamman bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin Sin na Huawei a 2019. 'Yancin mai amfani da kwamfuta wata magana ce daban. Ma'aikacin da aka ajiye wa UOS ko Kylin, nau'o'in Linux da aka haɗa a Sin, a teburinsa yana kan Linux ne, amma zaɓin ba nasa ba ne. Kuma buɗe manhaja ba ya nufin an buɗe zanen ƙwaƙwalwar.

Masu amfani da Loongson ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Manhajojin da kamfanin ya fara rabawa sun ƙi jituwa da waɗanda aka amince da su a Linux, har suka raba abin gida biyu, “tsohuwar duniya” da “sabuwar duniya”, manhajar wannan ba ta tashi a waccan sai da dabara.

Ƙofar Linux ɗin ma tana da masu gadi. A Oktoban 2024 an cire sunayen wasu 'yan Rasha daga jerin masu kula da sassanta saboda dokokin takunkumi. Ba a hana kowa kwafar manhajar ba, amma injiniyoyin Sin sun ga yadda kujerar yanke shawara ke suɓucewa.