Abin da ke kashe tsohuwar waya ba a cikinta yake ba

Kwanakin baya na zaro wata Palm IIIx daga ƙasan akwati, 'yar kwamfutar aljihu da aka fitar a 1999. Na buɗe murfin bayanta, na sa mata ƙananan batira biyu irin na rimot. Kafin in gama mayar da murfin, tambarin kamfanin ya bayyana a fuskarta. Ta nemi in ɗauki tsinken rubutunta in taɓa wasu alamomi a jikin gilashin domin ta daidaita inda hannu ke sauka, na taɓa, na saita kwanan wata, shi ke nan. Ba ta tambaye ni adireshin imel ba, ba ta nemi layi ba, ba ta ce sai na amince da wasu sharuɗɗa ba. Cikin minti biyar ina rubuta abubuwan da zan yi a mako, hannuna yana tuno salon rubutun da ake kira Graffiti, inda harafin A yake zama kamar V da aka kifa, harafin T kuma kamar lamba 7.

Yanzu a kwatanta ta da BlackBerry Bold 9900 ta 2011. Ƙwaƙwalwar wannan tana gudun megahaz 1,200, ta Palm kuwa 16, wato ninki 75 ke tsakaninsu. Ma'ajiyar aikinta megabayit 768, ta Palm 4 kacal. A takarda ba haɗi. Amma ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin BlackBerry ya rufe hidimar da wayoyinsa masu manhajar 7.1 zuwa ƙasa da kuma BlackBerry 10 suka dogara da ita, ya kuma sanar cewa daga ranar ba ya ba da tabbacin za su ci gaba da aiki yadda ya kamata, har kira da saƙon tes. BBM, manhajar hira ta BlackBerry da ta sa mutane ke haddace lambobin fin kamar sunayen 'ya'yansu, tun 31 ga Mayun 2019 aka rufe ta ga masu wayoyin Android da iPhone. Wayar ba ta faɗi ƙasa ba, ruwa bai shige ta ba, madannanta na nan garau. An kashe wata na'ura ce a wani gini mai nisa, sai yawancin abin da aka sayi wayar dominsa ya tafi.

Wannan ne ya sa na daina yarda da kalmar "ta tsufa" idan aka faɗe ta a kan na'ura. Kalma ce da ke haɗa ciwo biyu a kwando ɗaya. Akwai ciwon jiki, wanda sukundireba da haƙuri ke warkarwa. Akwai kuma yankewa daga nesa, wadda duk gwanintar mai gyara ba ta kai gare ta. A ganina na biyun ne ya kamata ya dame mu, domin wayoyin da ke aljihunmu yau sun fi kama da BlackBerry fiye da Palm.

Ciwon jiki kusan kullum daga batir yake farawa, kuma a nan mutane suka fi saurin yanke ƙauna. Na'urar da aka manta da batiran alkalin a cikinta shekaru, za ka buɗe ka tarar da wani farin gari ya daskare a kan ƙarafunan da batir ke taɓawa. Ruwan batir ne ya zubo ya bushe. Auduga a kan tsinke, ɗigon ruwan khal ya narkar da shi, a bi da sifirit, a bari ya bushe sarai, a ɗan kankare ƙarfen har ya yi ƙyalli. Na'urori da yawa da aka yi wa hukuncin mutuwa a nan suke farkawa. Masu batirin litiyam kuwa, irin Palm V ta 1999 da aka manne jikinta da gam, ko tsofaffin kwamfutocin aljihu na iPAQ, dokarsu daban ce: idan ka ga murfi ya ɗaga ko fuska ta turo, batirin ya kumbura. Kada ka sa a caji, kada ka huda shi, kada ka matsa. Cire shi a hankali, ka kai inda ake karɓar irinsa, domin wuta yake iya kamawa.

Daga batir sai abin da ke motsi. Psion Series 5mx, wadda har yau wasu marubuta ke yabon madannanta, tana da wata siririyar waya mai faɗi da ke haɗa fuska da jiki. Duk buɗewa da rufewa lanƙwasa ta yake, har ta tsage a ciki, sai ka ga layuka a fuska ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, igiya ce ta tsinke. 'Yar ƙwallon da ke tsakiyar BlackBerry Pearl da Curve idan ta daina gangarawa ƙasa, yawanci dauɗar yatsa ce ta cika ƙananan naɗe-naɗen da ke ƙarƙashinta. Fuskar Palm da ka taɓa nan ta amsa can, sake daidaita ta ake yi, a kuma zura gefen takarda a zagaye gilashin a fitar da ƙurar da ta maƙale. Katin memori da ya ƙi karantuwa sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, girmansa ne ya fi ƙarfin na'urar: waɗanda aka ƙera kafin fitowar katin SDHC a 2006 galibinsu ba sa gane abin da ya wuce gigabayit 2.

Sai ɗan ramin nan na baya da ake zura tsinke a ciki. A Palm, dannawa kawai tana farfaɗo da na'urar da ta daskare ba tare da an rasa komai ba. Idan ta riƙa tashi tana sake mutuwa, a riƙe maɓallin sama lokacin dannawa, sai ta tashi ba tare da ta loda ƙarin manhajojin da aka sa mata ba, ka samu damar goge wadda ta jawo rikicin. Idan kuwa ka riƙe maɓallin kunnawa, to share komai za ta tambaye ka. Matakai uku, kowanne da wurinsa, kuma abin da na fi so game da su shi ne an tsara su ne da tunanin mai na'urar zai yi da kansa.

Ba zan ɓoye raunin waɗannan tsofaffi ba, don yana da muni. Palm ta farko, Pilot 1000 ta 1996 mai kilobayit 128, da duk waɗanda suka biyo ta na shekaru, suna riƙe bayananka ne muddin akwai wuta a jikinsu. Batir ya ƙare ƙaf, sunaye da lambobi sun tafi. Wajen canjin batir ma kusan minti ɗaya ne kake da shi, wanda wani ɗan ƙaramin ma'ajin wuta a ciki ke ba ka, kuma bayan shekara ashirin da wani abu shi ma ya gaji. Sai a 2004, da Tungsten T5 da Treo 650, Palm ta koma ajiyar da ba ta gogewa, manhajar Windows Mobile ta Microsoft kuma ta bi sahu a 2005. Amma dubi maganin da suka tanada: ka ɗora na'urar a mazauninta, ka danna maɓalli ɗaya na HotSync, kwafin komai ya koma kwamfutarka da ke ɗakinka. Jeff Hawkins, wanda ya kafa kamfanin Palm, ya kuma yi ta yawo da guntun katako a aljihun rigarsa yana gwada yadda na'urar za ta kasance kafin a ƙera ta, ya gina ta ne a kan cewa bayanan mutum suna wuri biyu, kuma duka biyun a hannunsa suke.

Wata waya ta bi akasin wannan hanya. Sidekick, da kamfanin Danger ya ƙirƙira, T-Mobile ke sayarwa a Amurka, tana ajiye lambobi da hotuna da jadawalin mutum a na'urorin kamfani. A Oktoban 2009, bayan Microsoft ya sayi Danger, waɗancan na'urori suka samu matsala, har aka riƙa gargaɗin jama'a kada su cire batir ko su bari caji ya ƙare, don abin da ya rage a jikin wayar shi ne kaɗai kwafin da ake da tabbacinsa. Daga baya an dawo da yawancin bayanan, amma kwanakin da mutane suka yi suna zullumi sun isa darasi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yankewa daga nesa tana da fuskoki da dama, kuma duk wanda ya kunna Nokia N95 ko E71 a yau zai ci karo da su ɗaya bayan ɗaya. Ka zo sa manhaja, wayar ta ce satifiket ɗinta ya ƙare. Tun daga 2006 Symbian, manhajar da ke tafiyar da waɗannan wayoyi, ta wajabta wa manhajoji sa hannun amincewa mai wa'adi, kuma an rufe ofishin sa hannun a farkon 2014. Dabarar da aka sani ita ce a mayar da kwanan watan wayar baya zuwa shekarar da aka yi manhajar, a sa ta, a dawo da shi. Wannan tana da mafita. Ka buɗe intanet kuwa, shafi bayan shafi ya ƙi buɗewa, saboda tsarin tsaron da wayar ta iya, duniya ta daina karɓarsa, sannan babban satifiket ɗin tsaron da miliyoyin shafuka ke jingina da shi ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2021. WhatsApp ya bar Symbian a ƙarshen Yunin 2017. A wasu ƙasashen ma sabis ɗin ne babu: Singafo ta kashe 2G a 2017, manyan kamfanonin Amurka suka kashe 3G a 2022. Ko ka zuba sabon batir, ka wanke kowane ƙarfe, wayar ba ta da wanda za ta yi magana da shi.

Masu kare kamfanoni suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Ba wanda zai riƙe na'urori suna cin wuta da albashin ma'aikata har abada saboda tsirarun mutane. Tsohon tsarin tsaro da aka daina karɓa, an daina ne don an gano ɓarakarsa. Zangon iskar da 3G ya bari, sabbin fasahohi ne ke amfani da shi. Ni kaina ba zan ba kowa shawarar ya shiga asusun bankinsa ko imel ɗin aikinsa da wayar 2008 ba, ko da dabara ta sa ta buɗe. Wanda ke son tsohuwar na'ura ya san iyakarta: rubutu, karatu, jadawali, lissafi, kiɗa, hoto. Nokia 808 PureView ta 2012, wayar Symbian ta ƙarshe, har yanzu kyamararta mai megafiksel 41 ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta ɗauki hoto.

Inda na rabu da su shi ne a kan yadda ake tafiya. Rufe hidima abu ɗaya ne, tafiya da makulli a aljihu wani abu ne daban. Kamfanin da ya gama cin ribar na'ura, ya yanke shawarar barinta, me zai rage masa idan ya fitar da sabuntawa ta ƙarshe da ke cire mata dogaro da shi, ya buɗe ƙofar sa manhaja, ya saki takardun gyara? Tarihi ya nuna idan aka bar ƙofa a buɗe, masu na'urar na ɗaukar nauyin da kansu. Apple ya daina ƙera kwamfutar hannunsa Newton a 1998, amma da aka gano agogonta zai rikice a Janairun 2010 saboda kuskuren lissafin kwanan wata, wani daga cikin masu amfani da ita ne ya rubuta gyaran. HotSync ya ƙi aiki ta USB a sabbin Windows, aka samu wani ƙaramin kamfani ya fitar da direban da ya warware matsalar, masu Linux kuma suna da manhajar pilot-link mai yin wannan aiki. A 2022 Internet Archive, ma'ajiyar tarihin intanet, ta ɗora manhajojin Palm sama da 500 da kowa zai iya gwadawa a burauza. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu ga hidimar da aka kulle aka tafi.

Tarayyar Turai ta fara taɓa gefen batun. Daga 20 ga Yunin 2025, wayoyin da ake shigarwa kasuwarta dole a samu kayan gyaransu na shekara 7 da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da su, sannan wata dokar ta batir mai ciruwa za ta fara aiki a Fabrairun 2027. Mataki ne mai kyau, amma yawancinsa ciwon jiki yake magancewa. Tambayar abin da zai faru ranar da wa'adin ya cika kamfani ya juya baya tana nan. Kuma ba ƙaramar tambaya ba ce a duniyar da ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, wadda ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa yadda ya dace.

Ita ma Palm ɗin tana da ranar da aka rubuta mata. Kalandarta tana ƙirga shekaru ne daga 1904, kuma gurbin da aka ware wa shekara ba ya ɗaukar abin da ya wuce 127, don haka a 31 ga Disamban 2031 take tsayawa. Sai dai kalanda tana maimaita kanta duk shekara 28. Ranar 1 ga Janairun 2032 Alhamis ce, haka ma 1 ga Janairun 2004, kuma duka biyun Fabrairunsu kwana 29 ne. In Allah ya kai mu, zan yi HotSync, in canja mata batir, in mayar da shekarar 2004, in ci gaba da rubuta jadawalina.