Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Jinin Sa'adatu

Wata Islamiyya a Pantami, nan cikin Gombe, na haɗa wa shafin rajistar ɗalibai da PHP, yaren rubuta manhajar intanet, da MySQL, rumbun bayanan da ke ajiye sunayen. Na gwada da Musa, na gwada da Binta, komai ya shiga sumul. Na karɓi kuɗina har na sayi tsire.

Bayan kwana uku Hedimasta ya kira. "Injiniya, na'urar nan taka tana nuna wariya. Ta karɓi kowa, amma ta ƙi Sa'adatu, ta ƙi Mu'azu, ta ƙi Rabi'u."

Na ce, ranka ya daɗe, netwok ne. Ita ce amsarmu ta farko ko da gobara ce ta tashi.

Ya ce, "To me Shu'aibu ya yi wa netwok?"

Da na buɗe fayil ɗin da sabar ke rubuta kurakurai, sai ga lamba 1064 jere reras, wato MySQL bai gane umarnin ba. Laifina ne. Ina manna sunan yaro kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake yi wa MySQL magana da shi, tsakanin alamomin zance guda biyu, ga shi kuma hamzar da ke cikin Sa'adatu ita ce dai wannan alamar. MySQL yana kaiwa kan 'Sa' sai ya ɗauka suna ya ƙare, ya tsaya yana kallon adatu kamar baƙon da ba a gayyata ba. Ta wannan ƙofar ce ma ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin.

Don lalaci na fara sa JavaScript, yaren da ke aiki a cikin burauza, ya hana rubuta hamza gaba ɗaya. Washegari wani uba ya zo da takarda a hannu yana tambayar wa ya raɗa wa 'yarsa Saadatu, shi dai ya san ragon da ya yanka. Dole na yi abin da ya kamata tun farko: da PDO, kayan aikin PHP na magana da rumbun bayanai, a sa alamar tambaya a gurbin sunan, a kira prepare ya shirya umarnin, sannan a miƙa sunan daban ta execute. Layi uku kacal.

Ina cikin murna na hango ?anjuma da ?asimu a rajista. Teburin da ke ajiye sunayen yana kan tsarin haruffa na latin1, wanda bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Na mayar da shi utf8mb4, wanda ya san su, da umarnin ALTER TABLE, na kuma ƙara charset=utf8mb4 a layin da ke haɗa PHP da rumbun bayanai, don gyara ɗaya ba ya wadatarwa. Haruffan da suka riga suka zama alamar tambaya kuwa sun tafi ke nan, da hannu na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na cire wancan JavaScript, na gwada a kwamfutata, lafiya lau. Hedimasta ya ce shi a wajensa har yanzu Sa'adatu ba ta shiga. Na rantse, ya rantse. Na hau acaɓa daga Tumfure da tsakar rana, ina tsara yadda zan kare kaina.

Ashe Chrome ɗinsa ne ya riƙe tsohon fayil ɗin JavaScript a ma'ajiyarsa ta wucin gadi. Na danna Ctrl da Shift da R tare, shafi ya sabunta, Sa'adatu ta shige. Da na ƙara ?v=2 a ƙarshen sunan fayil ɗin tun daga gida, da burauzar ta ɗauko sabon da kanta.

Hedimasta ya dubi maɓallan nan uku, ya dube ni ina sharce gumi.

"Injiniya, wannan ɗin ba ya dannuwa ta waya ne?"