A-kori-kura mai lantarki: an yi mata kirarin da ba nata ba

Jiya da daddare ƙanena ya sake turo mini bidiyon Cybertruck, a-kori-kurar nan mai lantarki ta kamfanin Tesla, karo na uku ke nan a wata guda. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, kai da kake can, don Allah da gaske ne harsashi ba ya huda ta? Kuma wai ko ɗigon mai ba ta sha?" Na fara yi masa saƙon murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na kawo ta nan. Wanda dogon rubutu ke gundura ya yi haƙuri.

A Houston nake zaune, jihar Texas, inda a-kori-kura ta zama kamar riga a jikin mutane. Ba irin Hilux ɗinmu ba ce. In aka jera su, sai ka rantse Hilux 'yarsu ce. Likita na hawa, lauya na hawa, uwa na kai yara makaranta da ita. Kamfanin Ford kaɗai yana sayar da jerin motocinsa na F sama da 700,000 a shekara, kuma an fi shekara 40 babu motar da ta sha gabansu a kasuwar Amurka. Don haka da kamfanoni suka ce za su cire mata tanki su sa batir, 'yar gaban goshin ƙasar suka taɓa.

Ra'ayina tun daga farko, don kada in wahalar da ku: motar tana da kyau, kirarin da aka yi mata ne ba nata ba. Abin da aka cika baki a kansa ta gaza, abin da ta iya kuma ba shi aka kafa wa ganga ba.

A watan Nuwamba na 2019 Elon Musk ya fito da Cybertruck a wani dandali a yankin Los Anjelis. Wanda ya zana ta, Franz von Holzhausen, ya ɗaga guduma ya maka wa ƙofa, ko lotsawa ba ta yi ba, aka yi tafi. Sai ya ɗauki dunƙulen ƙarfe ya jefi gilashin da aka ce ba ya fashewa. Ya tsattsage. Ya ce bari ya gwada na baya, shi ma ya tsattsage. Haka Musk ya ƙarasa jawabinsa da fasassun tagogi biyu a bayansa. Duniya ta yi ta dariyar gilashi, ni kuwa lambobin da aka haska a allo ranar ne suka fi tsaya mini a rai. An ce ƙaramar dala 39,900. An ce babbar dala 69,900, kuma za ta ci kilomita 800 da caji ɗaya. An ce ƙarshen 2021 za a fara ƙerawa.

Ba a miƙa wa kowa makulli ba sai ranar 30 ga Nuwamba, 2023, kuma waɗanda suka fara karɓa sun biya kusan dala 100,000, wasu fiye. Kilomita 800 ta dawo kimanin 550. An yi ta yayata cewa sama da mutum miliyan ɗaya sun yi rajista, amma kafin alƙalamin dala 100 ne kacal, kuma in ka fasa a mayar maka da kuɗinka. Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. To ajiye dala 100 ma ba sayen mota ba ne. Musk ya yi maganar ƙera 250,000 a shekara, a 2024 aka sayar da kimanin 39,000, a 2025 cinikin ya sake faɗuwa. A watan Afrilu na 2024 an kira motocin gyara saboda murfin totur na iya zamewa ya maƙale. A watan Maris na 2025 an sake kiran kusan 46,000, wato kusan duk wadda ke kan titi, saboda wani fallen ƙarfe da aka manna a gefen gilashin gaba na iya ɓallewa ana cikin gudu. Batun harsashi kuwa, ƙanena, bodinta na tare na ƙaramar bindiga, ba ya tare na babba. Gilashin ka ji labarinsa.

Za ku ce ai wannan Musk ne, an san shi da romon baka. Na yarda. Shi ya sa labarin Ford ya fi ba ni tsoro, don su ba 'yan koyo ba ne, sun fi shekara 100 suna ƙera mota. A watan Mayu na 2021 suka nuna F-150 Lightning, har Shugaba Joe Biden ya je Dearborn ya ɗana ta a gaban 'yan jarida. Farashin farawa dala 39,974. Mutum kusan 200,000 suka yi layi, har kamfanin ya rufe rajista. Kafin watan Maris na 2023 ya ƙare, wannan ƙaramar dai ta doshi dala 60,000. Sun faɗaɗa masana'anta don ƙera 150,000 a shekara, amma a 2024 kimanin 33,500 suka sayar. A watan Disamba na 2025 suka ce sun daina ƙera ta, tare da rubuta asarar dala biliyan 19.5 a harkarsu ta motocin lantarki. Wadda za ta gaje ta za ta zo da injin fetur a ciki, aikinsa ya riƙa yi wa batir caji. Wato mota mai goye da janaretanta. Kamfanin Ram ya soke tasa a watan Satumba na 2025 tun bai sayar da ko ɗaya ba. Kamfanin Lordstown, shi ma mai ƙera irinta, ya durƙushe a 2023. Shi kuwa Trevor Milton na kamfanin Nikola, wanda ya yi tallar wata a-kori-kura da ba a taɓa ƙerawa ba, kotu ce ta kama shi da laifin yaudarar masu zuba jari a 2022, kafin Trump ya yi masa afuwa.

To me ya hana? Ba makirci ba ne, lissafi ne. Babban batirin Lightning na ɗaukar wuta yunit 131, irin yunit ɗin da kuke saye a mita. In ka auna ƙarfin da ke ciki, bai wuce na fetur lita 15 ba, alhali 'yar'uwarta mai mai tana iya zuwa da tankin lita 136. Abin da ke ceton mai lantarki shi ne ba ta almubazzaranci: injin fetur yana ɓarar da mafi yawan ƙarfinsa a zafi da hayaƙi, ita kuwa kusan duk abin da ke batir yana kaiwa taya. Shi ya sa in ba kaya takan ci kilomita 500. Amma da zarar ka ɗaura mata tirela mai tsawo da faɗi, iska ta fara tokare ta, ɗan guzurin nan sai ya narke. Mujallar Car and Driver ta gwada a 2022 da tirelar kwana mai nauyin kusan tan 3, Lightning ta yi kimanin kilomita 160. Kano zuwa Zariya ke nan, a tsaya a nemi wuta.

Mai fetur ma in tana jan kaya shan manta ninkawa yake, ban musa ba. Bambancin shi ne ita minti biyar ta cika tanki ta wuce. Na ga ɗaya ɓangaren da idona a hanyar San Antonio, a harabar wani babban kanti. Wani dattijon Bature ne da matarsa, sun jawo tirelar kwana da a-kori-kura mai lantarki. Wuraren cajin an jera su ne kamar wurin fakin, ka shiga da kai ko da baya, ba yadda za ka shiga da tirela ba ka tare hanya ba. Sai da ya ja can ƙarshen fili, ya sa wa tayoyi waigi, ya durƙusa yana juya jak a cikin ranar nan ta Texas, rigarsa sharkaf da gumi, ya kwance sarƙoƙi da wayar fitila, sannan ya kawo motar caji. Matar na tsaye da kare a ɗan inuwar allon talla. Na yi masa sannu, ya ce wannan ne karo na uku tun safe. Bayan kusan minti 40 ya koma ya sake ɗaurawa.

Sai a ƙara batir mana, in ji wani. An ƙara. Hummer mai lantarki ta haura tan 4, batirinta kaɗai ya kai kilo 1,300, nauyin Corolla sukutum. Silverado mai lantarki, wadda ta fi kowa cika alƙawarin nisa, tana kusantar kilomita 790, amma da batirin da ya haura yunit 200, kuma kuɗinsa a jikin mai saye yake fita. Duk kilon da batir ya ci an rage shi ne daga kayan da za a ɗora, tayoyi kuma suna saurin cinyewa. Jakin da ya ɗauki harawarsa ta sati guda, ina zai sa kayan mai shi?

Yanzu bari in faɗi alherinta, don na ci moriyarta, kuma butulci ba kyau. A watan Yuli na 2024 guguwar Beryl ta faɗa wa Houston, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta, ga zafi kamar Maiduguri a watan Afrilu amma da gumi. Layinmu ya kwana biyar a duhu. Maƙwabcina ɗan kwangila ne, yana gyaran gidaje, kuma a-kori-kura mai lantarki gare shi. Rana ta biyu na ji ana buga ƙofa, na buɗe na gan shi da nadin waya ruwan lemo a kafaɗa. Ya jona ta a soket ɗin bayan motarsa, ya tsallako da ita ta kan shinge har kicin ɗinmu. Firji ya tashi, fanka ta juya, muka yi cajin waya. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba jarka. Ni da na girma da kukan janareta a kunne, na fita tsakar dare na tsaya kusa da motar ina saurare, ban ji komai ba sai gyare. Da batirin ya yi ƙasa, ya tuƙa zuwa unguwar da wuta ta dawo, ya ɗebo ya kawo mana, kamar mai zuwa rijiya.

Mutumin nan ba ya yin kilomita 100 a yini. Da daddare ya jona ta a garejinsa, da safe ta cika. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Inda inji ya kamata ya zauna akwai but mai makulli, nan yake zuba kayan aikinsa, zarto da injin huda kuma a jikin motar yake jona su. In ya taka ta, cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai ta kai gudun 100. A wurinsa babu motar da ta fi ta, kuma gaskiyarsa ne. Kafinta, mai gyaran famfo, ma'aikatan ƙaramar hukuma, duk wanda ke zagaye cikin gari ya kwana a gida, tasa ce.

Amma da me aka cika mana ido? Ford ta nuna samfurinta yana jan taragon jirgin ƙasa a 2019, ba a gaya wa mai kallo cewa ƙarfe a kan ƙarfe ba ya wuyar gangarawa ba, kuma ɗan taƙi aka ja. Tesla ta nuna tata tana ja-in-ja da F-150, daga baya tana tsere da Porsche alhali tana jaye da wata Porsche. Duk wasan minti ɗaya ne. Shi kuwa Ba'amurke yana sayen a-kori-kura ne saboda rana ɗaya a shekara da zai ja kwalekwalensa zuwa tafki, kamar matar da ta sayi tukunyar biki tana dafa shinkafar mutum uku a ciki. Ba ruwansa da cewa sauran kwanakin mai lantarki ta fi masa. A wannan rana ɗaya yake auna ta, a nan kuma take ba da kunya. Ga tsada, ga rangwamen harajin dala 7,500 da gwamnati ke bayarwa ya ƙare ranar 30 ga Satumba, 2025. Ina kuma zargin rabin hayaniyar ba don direba aka yi ta ba, don kasuwar hannun jari ce. A watan Nuwamba na 2021 darajar kamfanin Rivian, mai ƙera a-kori-kura mai lantarki, ta haura dala biliyan 100, ta wuce ta Ford, alhali motocin da ya miƙa wa masu saye 'yan ɗaruruwa ne. Motarsu mai kyau ce, ban raina ta ba, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na san abin da ke ran ƙanena ba Texas ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, duk abin da aka ce ba ya shan fetur sai kunnenmu ya miƙe. To ka lissafa: yunit 131 a mita ɗaya, a unguwar da ake kawo wuta awa huɗu, kuma soket ɗin gida kwanaki zai ɗauka kafin ya cika ta. Aikin a-kori-kura a wurinmu shi ne buhuna daga ƙauye zuwa Dawanau, lodi har ya fi kan mota, hanyar burji, in ta lalace bakanike ya kwance ta a gindin bishiya a aika Ƙofar Ruwa a sayo kaya. Wannan shi ne ainihin aikin da mai lantarki ta fi rauni a kai. Toyota da kanta ta nuna Hilux mai batir a ƙarshen 2025, nisan da aka ba ta kimanin kilomita 240 ne, kuma ba tare da buhun masara ko ɗaya ba. In lantarki zai shigo mana da gaske, ta babur da Adaidaita Sahu zai fara, masu ƙaramin batirin da ake iya cirewa a musanya.

Duk wannan na taƙaita masa a saƙo. Ya yi shiru har na ɗauka ya yi barci, can sai ga amsa: "To Yaya, ko za ka duba mini farashin Hilux ta hannu a can?" Na ce masa ya yi haƙuri, Toyota ba ta sayar da Hilux a Amurka.