"Ai ga shi yana aiki" ba gwaji ba ne

Duk wanda ya taɓa zuwa siyan firji ko dutsen guga ɗan Beljiyam ya san yadda ake yi. Mai shago zai jawo wayar, sau tari ma ba filogi a jikinta, ya murza bakin da yatsa ya cusa a soket ya tokare da tsinken ashana, firji ya yi ƙugi, ya ce maka "Alhaji taɓa ka ji sanyi". Shikenan an gama gwaji, sai ciniki.

To ni wannan gwajin ne ban yarda da shi ba. Kaya ya yi aiki daban, ya zama ba zai ja mutum ba daban.

Na taɓa siyo wata firiza haka, sati biyu uwargida tana cewa in ta taɓa murfin da jiƙaƙƙen hannu tana jin yarr, ina cewa tsoro ne kawai, sai da mai gyara ya buɗe bayanta ya nuna min wayar at ɗin, koriya mai ratsin rawaya, an yanke ta an naɗe da salatif, kuma a gidan akwai yara masu yawo ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Wannan wayar ita ce ke kwashe wuta ta kai ƙasa in ta zubo jikin ƙarfe. In babu ita, jikin wanda ya taɓa ne hanyar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a can inda kayan suka fito ba a yin haka. A Ingila doka ta ɗora wa ɗan kasuwa mai sayar da kayan wuta, ko da na hannu ne, alhakin tabbatar da ba su da haɗari, kuma dokarsu ta 1994 kan filogi ta ce sai da filogi mai ƙafa uku da fis a ciki, wato ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Shi ya sa za ka ga shagunan tsofaffin kaya suna auna kowane abu da na'ura su liƙa masa sitika kafin ya hau kanta. Mu kuwa fis na tsinkewa sai a nemo zaren waya ko takardar azurfar sigari a cusa.

Ga kuma kayan Amurka da aka ƙera don wuta mai ƙarfin volt 120, tamu kuwa 230 ce, wani ko faɗa maka ba zai yi ba.

Ba cewa nake a hana kayan hannu ba, kamar yadda Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013. Da kuɗin sabo a yau talaka ba zai iya ba, kuma wallahi wani tsohon injin ya fi sababbin ƙarko. Amma duk da akwai SON da NESREA, hukumomin gwamnati masu kula da ingancin kaya da kare muhalli, daga kwantena ta bar tashar jirgin ruwa ta Apapa ta isa kasuwar Alaba a Legas aka loda zuwa Sabon Gari, da wuya a sake dubawa.

Don haka ƙungiyoyin ƴan kasuwa nake kallo. Sun iya tara kuɗin shara da na masu gadi kowane wata, ba zai gagare su ba su ajiye mai gyara ɗaya da mita a kowane layi, ya auna at, ya duba waya da filogi, ya sa hannu a rasit kafin a ɗora wa kaya igiya a bayan Adaidaita.